Kayan Ɗakin Hauwa da Ƙofar Toukra

Kwanakin baya ina kishingiɗe a rumfa na ji ɗayanku yana ba jikokina labarin auren Hauwa, ana ta dariya. Yadda labarin ya koma a bakinku shi ne wai taurin kaina ne ya sa na ƙi kayan ɗakin da Baffanku Alhaji Mamman ya saya mata, na ɗora wa yarinya gadon da na yi da hannuna. Ban tanka ba a ranar, don labarin ya yi daɗi a bakin mai ba da shi. Amma tunda na zauna rubuta muku abin da na sani na rayuwata, Baffanku kuma ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, ita ma Hauwa na tambaye ta ta ce in faɗa, to ga yadda abin ya kasance.

Gidanmu ba gidan masu aikin hannu ba ne. Kakanmu ya zo garin nan daga Damagaram tun zamanin Faransa da turamen zane, ya kafa shago kusa da babbar kasuwa, duk namijin da aka haifa a gidan kuma a shagon yake girma. Ni kaɗai aka ware aka sa lakwal, wato makarantar boko, na ƙare akawu a wani ofishin gwamnati. Yaya Mamman ya girme ni da shekara goma sha biyu. Shi ya riƙe shagon, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya yi mini aure, har na kai ga furfura ban taɓa ce masa a'a ba.

A farkon shekarun casa'in gidan gado ya yi mana kaɗan, sai muka koma unguwar Chagoua, ni da mahaifiyarku Hajara da ku huɗu. Komai namu a ƙasa yake, daga tabarma sai katifa sai akwatunan ƙarfe. Daminar farko ce ta koya mana hankali. Wata safiya aka kece da ruwa, kafin hantsi ya shigo har uwar ɗaki, katifu suka sha suka ƙoshi, takalmanku suna yawo a tsakar ɗaki kamar jiragen masunta a kogin Shari. Ku daɗi kuka ji, kuna ta tsalle a ciki. Hajara kuwa ta ɗaure zanenta a gwiwa, ta dube ni, ta ce ba za ta sake yin wata daminar a ƙasa ba, ko da a kan bishiya za ta kwana.

Katangarmu ɗaya da wani tsoho mutumin kudu, Kirista, ana ce masa Baba Toma. Ya yi shekaru yana aikin kafinta kafin ya ajiye. Da Larabcin gari muke magana da shi, yana kirana Jari, wato maƙwabcina. Na je in roƙe shi ya yi mana gado mai dogayen ƙafafu. Ya miƙo mini hannayensa in ga yadda suke rawa.

"Jari, hannuna ya gaji, amma bakina bai gaji ba. Kai kana da hannu. Je ka sayo katako."

Na ɗauka wasa yake yi. Washegari da na taso daga aiki na tarar ya turo akwatin kayan aikinsa gidanmu, zarto da guduma da wani abin goge katako da ake ce wa rabo, mariƙinsa ya yi baƙi ya yi sulɓi saboda daɗewa a hannu. Bai bar ni na fara da gado ba, ya ce benci tukuna. Sau uku ina haɗa bencin nan yana sa ni in warware, don kullum ƙafa ɗaya ba ta taɓa ƙasa. Yana zaune a inuwa da kofin shayinsa, ko tashi ba ya yi, daga ƙarar zarto yake gane na karkace. A rana ta biyar na tura rabo a kan katako, wani siririn ɓawo ya fito ya nannaɗe kansa ya faɗi a kan ƙafata, wurin da na goge ya fito da haske da zane kamar ruwa na gudu. Na tsaya ina kallonsa. Shekara ashirin ina cika takardu a ofis, a tattara a kai inda ban sani ba, ban taɓa yin wani abu da zan shafa da tafin hannu in ce ga shi ba sai ranar. Na kira Hajara ta zo ta gani. Ta zo da ludayi a hannu, ta duba, ta ce ta gani, amma ita gado ta ce.

Kafin damina ta biyu ta samu gadonta, dogo har sai da na yi mata ɗan matakala. Daga nan kuma abin ya kama ni. Ofis muna tashi da azahar, don haka daga la'asar zuwa magariba da ranakun Lahadi ina rumfar da na kafa a gindin dalbejiya. Baba Toma ya koya mini cewa katakon da ake kawowa ta garin Kuseri ɗanye ne, in ba a jera shi a inuwa ya sha zafin bazara guda ba, zai tsage bayan an gama aiki. Ya koya mini haɗa katako da katako ba ƙusa, a fafe rami a wannan a fiƙe harshe a wancan su shige juna, da shafa baƙin mai a gindin ƙafafu saboda gara. A hankali gidan ya cika. Teburin da kuka yi karatu a kansa, kantar kwanonin mahaifiyarku, kujerun zaure, har ɗan akwatin da nake ajiye Alƙur'ani. Ban taɓa sayar da ko kujerar tsuguno ba. Masu zuwa su ce in yi musu nakan tura su wurin masu sana'ar, don ni na gidana nake yi. Hajara ta yi ta mitar ƙurar katako a cikin miya, amma duk baƙuwar da ta zo sai ta ja ta ta nuna mata kantar kwanonin, ta buɗe ta rufe don a ji ba ta ƙara. Yaya Mamman ya ɗauki abin a matsayin wautar ƙane. In ya zo yakan ce ina najjar ɗin gidan, wato kafinta da Larabci, ya zauna a kujerar da na yi ba tare da ya dube ta ba.

Hauwa ita ce ta uku a cikinku, kuma ita ce mai zama kusa da rumfar in ta dawo daga makaranta, tana tsince wake ko tana bitar karatu. Ba ta taɓa kayan aikina, magana ma ba ta cika yi ba. Shekarar da wayar hannu ta fara yawa a gari, Abakar ya nemi aurenta, malamin makaranta ne mai hankali, ya gina ɗaki biyu a Toukra can hayin kogi. Kowa ya yi murna. Da aka sa rana, Yaya ya tara mu ya sanar cewa kayan ɗakinta na wuyansa, zai sa a kawo mata irin na Dubai masu madubi da ruwan zinariya, kamar yadda ya yi wa 'ya'yansa mata. Na yi godiya, Hajara ta yi guɗa.

Bayan kwana biyu ina goge wani katako Hauwa ta zo ta durƙusa a bakin rumfar. Ta daɗe tana wasa da gefen mayafinta kafin ta yi magana.

"Baba, ni gadonka nake so. Da akwatin tufafi irin na Inna. In na tafi can, ina so in riƙa taɓa abin da hannunka ya taɓa."

Na ajiye rabo. Sai ta ƙara da cewa don Allah kada Baffa ya ji daga bakinta ya fito, don ba za ta iya haɗa ido da shi ba in ya san ta ƙi kyautarsa. Na ce mata ta je, na ji.

Na yi kwana uku ina jujjuya maganar. Na san Yaya, kyautarsa ba a mayar masa da ita. Na kuma san in na ce yarinyar ce ta ƙi, zai riƙe ta a zuciya, ita kuwa tana shirin shiga gidan wasu, ranar da za ta buƙaci babba a bayanta tana nan tafe. Ranar Asabar na je shago na same shi a kan buzunsa, na gaishe shi, na jira masu ciniki suka ragu. Na ce masa na gode da alherinsa, amma ina so in yi wa Hauwa kayan ɗakinta da kaina. Ya yi dariya, ya ce in yi mata kujerar tsakar gida. Na ce duka nake nufi. Dariyar ta ɗauke.

"Idi, so kake a ce jikar gidan nan an kai ta a kan katakon da akawu ya yi wasa da shi? A ce mun gaza?"

Na ce ba wanda zai ce ya gaza, ni ne dai na ƙudura. Ya tambaye ni ko yarinyar ta sani, na ce ra'ayina ne. Ya juya ya kalli titi. Sannan ya ce tunda na isa da kaina, in nemi wanda zai ba da aurenta, shi ba zai tsaya waliyyi a gaban mutane su je su ga abin kunya a ɗaki ba. Ya ƙara da cewa gurbin da ya ajiye mini a shago in na yi ritaya, in manta da shi. Wannan maganar ta biyu ya cika ta. Kafin wata ya ƙare ya zaunar da ɗan wani amininsa a wurin, ko bayan mun shirya kuma bai tashe shi ba, ni ma ban nema ba. Shi ya sa kuka ga na yi ritaya a rumfa maimakon kasuwa, kuma sunana ba ya cikin shagon kakana. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba.

Hajara ta yi kwana biyu tana ajiye mini abinci ba magana. A rana ta uku ta zo rumfa ta tsaya a kaina, ta ce ita ta haifi Hauwa, ta kuma ga yadda yarinyar take sunkuyar da kai tun ranar Asabar, don haka ba sai na gaya mata komai ba. Ta ce tunda na jawo mana, to in yi aikin da zai rufe bakin mutane. Daga ranar ita ke korar baƙi in ina aiki.

Wata biyar gare ni. Ina da jan katakon maɗaci da na jera tun shekara biyu ban san me zan yi da shi ba, na sauko da shi. Na ɗauki hutuna na shekara gaba ɗaya. Na je Toukra da magwaji na auna ɗakin da ƙofar, lokacin magina ba su gama ba. Baba Toma a lokacin idonsa ya kusa rufewa, sai in kamo hannunsa in zaunar da shi, in na gama goge wani sashe ya bi shi da yatsu. In ya yi shiru, to akwai gyara. In ya ce seme, wato ya yi kyau, sai in ji kamar an ba ni gari. Duk da nauyin da ke zuciyata, ban taɓa jin daɗin aiki kamar na watannin nan ba. Ƙurar maɗaci ɗaci gare ta, har a shayi nake jin ta, rediyo na rataye a reshe, tattabarun maƙwabta suna sauka suna tsintar abin da ba abinci ba. Allon kan gadon na sassaƙa masa ganyen dalbejiyar da nake aiki a gindinta, ɗaya bayan ɗaya, ganye arba'in da ɗaya, na so su zama arba'in amma na ɓata lissafi. Akwatin tufafin kuwa na yi shi dogo mai ƙofa biyu da aljihu uku a ƙasa, na haɗe shi gaba ɗaya yadda ba ya warwaruwa.

Ƙaramar Salla ta faɗo a tsakiyar aikin. Muka je gaida Yaya kamar kullum, ya amsa gaisuwarku ɗaya bayan ɗaya, ya sa wa Hauwa albarka, da na miƙa hannu ya ba ni yatsu biyu ya juya ga wani. A hanyar dawowa Hauwa ta yi ta kuka, ta ce za ta koma ta faɗa masa gaskiya. Na hana ta. Na ce maganar tsakanin wa da ƙane ce, mu muka san inda za mu ajiye ta. A gaskiya ban san inda za mu ajiye ta ba. Har aka shiga makon biki ba mu da waliyyi, na fara tunanin roƙon limamin unguwa.

Ranar Alhamis da safe muka ɗora kayan a mota muka haye gadar Chagoua. Hajara da mata sun riga mu, da tulunan ƙauyen Gaoui da kwanoni, suna jiran a shigar da katako su fara jere. Muna sauke gado sai ga motar Yaya, a bayanta kuma wata babbar mota lulluɓe da tamfol. Ashe bai fasa sayen kayan Dubai ba. Ya kawo su ne don in nawa suka ba da kunya a shigar da nasa, a rufa wa gida asiri. Ya fito cikin farar babbar riga, bai dube ni ba, ya tsaya a inuwa da carbinsa.

Gadon ya shiga gunduwa-gunduwa, na haɗa shi a ciki, mata suka yi ta guɗa suna ƙirga ganye. Sai aka zo kan akwatin tufafi. Mu huɗu muka ɗauko shi, muka kai bakin ƙofa, ya tsaya. Muka kwantar da shi, ya ƙi. Muka karkata shi ta gefe, ya ƙi. Gumi ya karyo mini, don nan take na gane abin da ya faru: na auna ƙofar kafin a kafa mata ƙarfen da ke riƙe ƙyaure, ban kuma koma na sake aunawa ba. Wata gwaggon ango, dattijuwa mai kaifin baki, ta ce da Larabci yadda kowa zai ji, wai dama an ce najjar ɗin a ofis ya koyi aiki, ga shi kuwa awo ya gagare shi. Wasu suka yi dariya a cikin mayafi. Na dubi motar nan mai tamfol. Yaya ba ya buƙatar komai sai ya ɗaga hannu a kwance igiya.

Ya taho a hankali. Ya zagaya akwatin a inda muka dire shi, ya shafa gefensa, ya jawo aljihu ɗaya ya mayar, ya sake jawowa ya mayar. Ya leƙa cikin ɗakin ya daɗe yana kallon allon gadon. Sannan ya juya ga dattijuwar, ya gaishe ta da ladabi, ya ce da Larabcinsa na kasuwa:

"Hajiya, ƙanena ba ya kuskuren awo. Ƙofarku ce ƙarama."

Kafin ta samu abin cewa ya aika a kira magini. Ya ce da Abakar ya yi haƙuri za a taɓa masa gini, gyaran kuma na wuyan mai ba da aure. Abakar, Allah ya yi masa albarka, ya ce ko bangon duka ne a rushe. Aka cire ƙarfen ƙofar. Yaya ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙa wa direbansa, ya kama gindin akwatin da kansa, mutumin da ban taɓa ganin ya ɗauki abin da ya fi turmin atamfa nauyi ba. Ya ce in ɗaga nawa gefen. Muka shigar da shi yana gogar bango kaɗan, muka tsayar da shi a inda na yi masa wuri. Hajara ta rangaɗa guɗar da sai da maƙwabta suka leƙo, gwaggon ma daga baya ita ta fi kowa buɗe aljihunan. Babbar motar ta juya da tamfol ɗinta ba a kwance ba, kayan kuma wata marainiya a danginmu aka kai da su bayan Babbar Salla.

Da za mu koma gari Yaya ya ce in shigo motarsa. Muka zauna a baya, kafaɗa da kafaɗa. Ya gaya wa direba ya biya ta wurin mai goro, don jibi shi zai ba da aure kuma ba ya son goron da na saya, bai gan shi ba amma ya san ban iya zaɓe ba. Na ce to. Muna tsakiyar gada, masu wanki na shanya a bakin ruwa, sai ya yi gyaran murya, idonsa na kan kogi.

"Yatsa uku ka ƙara, Idi. Shekara arba'in ina auna yadi, tun daga bakin mota na gani."

Na ce yatsa uku ne, Yaya. Sai kafaɗarsa ta fara rawa. Ya yi ƙoƙari ya danne, ta ƙwace masa, ni ma ta ƙwace mini, muka yi ta dariya har hularsa ta faɗo a cinyata, direba yana satar kallonmu ta madubi. Ranar Asabar ya tsaya a gaban jama'a ya ba da Hauwa da bakinsa. Ya rayu shekara tara bayan haka, ban taɓa gaya masa wanda ya roƙi gadon ba, shi ma bai taɓa tambayata ba.